Takwarana na Kwana Uku

Zuwa ga aminina, Malam Bello,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da maijego Hadiza da baƙon da Allah ya kawo muku. Barkanku da arziki, Allah ya ƙara mata lafiya. Mu nan Mabera lafiya lau muke, sai zafi, wanda ka san shi, in dai iskar teku ba ta mantar da kai ba. Mahaifiyarka Inna tana nan ƙalau, ƙafar ta yi sauƙi.

Ranar Talata da yamma ka aiko mini da tambaya guda: me ya faru? Yau Juma'a, ban ba ka amsa ba. Na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga. Daga baya na ga cewa abin da na yi a bainar jama'a na yi shi, don haka a bainar jama'a ya kamata in amsa, shi ya sa na sa wannan wasiƙa a shafina inda kowa zai gani. Masu karantawa su karanta, masu dariya su dara, ni na jawo.

Ga abin da ya faru a taƙaice. An yi sunan ɗanka na fari ranar Talata a ƙofar gidanku, kana can arewacin Maroko wurin karatu, ni ne wakilinka. Ka ce a sa masa Idris. Aka raɗa masa Junaidu, wato sunana, ina zaune a kan tabarma ban ce uffan ba. Da maganar ta fito, ka ce wa Inna wataƙila saƙonka ne bai shigo wayata ba. Allah ya saka maka da wannan rufin asiri, amma saƙon ya shigo, Bello. Na saurare shi har na haddace.

Abin ba ranar Talata ya fara ba. Ya fara ne shekara biyu da suka wuce, ranar da ka sa hotonka na farko a bakin teku.

Ka san shekarata goma sha huɗu ina koyar da labarin ƙasa a sakandare. Na zana teku a allo har alli ya ci mini yatsu. Na san yadda igiyar ruwa ke cin dutse ta yi kogo, na san mashigin da ya raba Afirka da Turai, zan iya zana maka shi ido rufe. Amma ruwa mafi girma da idona ya taɓa gani shi ne na madatsar ruwan Goronyo. Kai kuwa, da muke aji uku, taswirata kake kwafa, kuma duk da haka Afirkarka sai ta fito kamar ƙosan da ya fashe a mai. To wai kai ne Allah ya ɗauka ya dire a bakin wannan mashigin, ka tsaya da hannu a aljihu kana hango Turai, kana rubuta mana cewa wurin ba laifi. Ba laifi! Na yi salati na kife wayar.

Da farko na yi ƙoƙarin zama mutumin kirki. Na riƙa kai hotunanka aji ina nuna wa ɗalibai: ga kogon da ruwa ya huda, ga inda tekuna biyu suka haɗu, ga tsaunukan da suka gangaro har bakin ruwa. Ran nan suka tambaye ni ko na taɓa zuwa. Na ce aminina ne ya je. Suka gyaɗa kai cikin ladabi, abin da ya fi dariya ciwo. Gani ya kori ji, kuma ni malamin ji ne. Tun ranar ban sake kai hotonka aji ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kai ba mai son yawo ba ne. Ka tuna Juma'o'inmu? Bayan la'asar sai na zo ƙofar gidanku da babur na yi ta danna oda kafin ka fito, da littafi a hammata, fuska a murtuke, kamar wanda za a kai wurin allura. Mu tafi Kwalkwalawa, bakin gulbi, mu sayi soyayyen kifi da yaji. Ni ina nuna maka yadda ruwa ya ci gaɓa, kai kana karatu. In na matsa sai ka ɗago ka ce, "Mi za a gani ga ruwa? Ruwa dai na."

Sau nawa masunta suka ce mu shiga kwalekwale su haye da mu? Ni in shiga, kai ka noƙe a ƙarƙashin itace kana riƙe mini takalma. Kalmarka guda ce kullum: "Ni ba ni shiga abin da bai da birki."

Yanzu dubi abin da ka koma. Wannan mako kana kan tsauni da sanda da takalmin hawan dutse, kai da hawa benen laburare ke sa ka haki. Mako na gaba kana gindin wani ruwa mai zubowa daga sama, wando a naɗe. Ga ka a garin nan da aka shafe gidajensa da shuɗin fenti, ga ka cikin lungunan tsohon birni kana taya darduma, ga ka jingine da igwa a kan ganuwa, ga ka a gidan tarihi kana duban takubba. Har wurin kiɗan gargajiyarsu ka je ka zauna kana kaɗa kai, kai da ko kiɗan biki ka ji sai ka canza hanya. Duk wurin da na yi shekaru ina mafarkinsa, ka je ka sha shayi mai na'ana'a a cikinsa.

Wannan duka da sauƙi, da na haɗiye. Hassada ga mai rabo taki ce, na sani, ni ma ina faɗa wa mutane. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne tsohon.

A kowane hoto yana nan. Farin gemu, hular saƙa, hannunsa a kafaɗarka. Ka ce shi ne mai gidan da kuke haya, tsohon masunci ne da ya ajiye sana'a, shi ke zagayawa da kai duk ranar hutu. Da farko kana rubuta "mai gidanmu Sidi Idris." Bayan wata shida ya zama "babana Sidi Idris." Ran nan na buɗe waya na ga ka rubuta "babana kuma aminina." Bello, shekara talatin muna tare, ban taɓa sanin kalmar nan tana da wurin zaman mutum biyu ba.

Bari in gaya maka ƙanƙantar da na yi, tunda yau ranar tonon silili ce. Na riƙa buɗa hoton da yatsu ina duban fuskar bawan Allahn nan ina neman aibi. Da na gano ba shi da haƙori ɗaya a gefe, wallahi sai da na ji sanyi a raina. Na daina danna alamar so a hotunanka. In na yi magana, sai in rubuta, a dai riƙa tunawa da abin da ya kai mutum. Kai kuma ka amsa da dariya, kana zaton wasa nake. Matata Asma'u ta gane tun da wuri. Ta ce, "Kai da tsohon da bai san kana duniya ba kaka hwaɗa?" Na ce mata ba ta fahimci maganar ba, alhali ta fahimta sarai.

Sai bidiyon jirgin ruwa. Kana tsakiyar teku a ƙaramin jirginsa, ruwa na ɗaga ku yana saukewa, ka riƙe kifi a hannu kana ƙyalƙyala dariya har ana ganin dasashinka. Ban taɓa jin ka yi irin wannan dariyar ba. Shekara nawa ina roƙonka ka haye gulbin da ake hango ƙetarensa ka ƙi, wani ya zo cikin wata takwas ya shigar da kai teku. Ranar ban ci tuwon kirki ba.

Amma duk lokacin da abin ya taso mini, akwai abu guda da nake riƙewa in kwantar da raina. Nakan ce, ya ɗauki Juma'o'in, ya ɗauki dariyar, amma akwai abin da ba zai taɓa ba.

Ka tuna ranar. Ba mu yi aure ba, muna zaune a bakin gulbi, hannunmu duk man kifi. Kai ne ka fara, ba ni ba. Ka ce, "Ɗana na hwari kai na, naka na hwari ni na." Muka tafa.

Ni na cika nawa. Da Asma'u ta haifi namiji, mahaifina bai shekara da rasuwa ba, kowa a gidanmu ya sa ran sunansa za a mayar. Na ce Bello. Mahaifiyata ta yi mako guda ba ta amsa gaisuwata da baki, sai da kai. Yayyena suka ce na fifita bare a kan uba. Na shanye, na ce alkawari kaya ne. Yau Bello ƙarami yana aji ɗaya, kuma kunnuwansa ma irin naka ne, Allah ya kyauta.

Kai kuma Allah ya jinkirta muku. Shekara tara kuna jira, ina jira tare da ku. Babu wanda bai san alkawarin nan ba a unguwa. Da labari ya zo cewa Hadiza na da ciki, Inna da kanta ta riƙa cewa Junaidu ƙarami na hanya. Da aka ce namiji ne, na tafi kara, kasuwar dabbobi, da ƙafata na zaɓi rago, na duba haƙoransa, na taɓa gadon bayansa, na ƙi uku kafin na yarda da na huɗu. Na sayo goro da dabino. Har sabuwar shadda na kai ɗinki.

Ranar Litinin bayan la'asar, ana gobe suna, saƙonka na murya ya shigo. Ina tsakar gidanku ina ba ragon dusa.

Ka ce naƙudar ta zo da gardama, kwana biyu ana abu ɗaya. Ka ce matar tsohon ba ta bar gefen Hadiza ba, ta zame mata uwa a ƙasar da ba ta da kowa. Ka ce shi kuma ya zauna da kai a bencin asibiti har aka sauka, da aka nemi jini ya naɗe hannun riga bai jira an tambaye shi ba. Ka ce da aka miƙo jaririn, shi ya karɓe shi ya yi masa kiran salla a kunne yana hawaye. 'Ya'yansa huɗu duk mata, babu mai ɗauke da sunansa. Sannan ka faɗi maganar da ta kashe ni: "Na san da alkawalinmu. Amma kai ɗan'uwa na, kana iya haƙuri. Shi baƙo na, ban da abin da zan saka mai da shi. Kai ɗai nig gaya ma, ka hwaɗa ma Baffa da Inna da bakinka."

Na san yabo ka yi nufi. Ni abin da na ji shi ne, kusancina da kai ne ya sa aka ɗauke nawa aka ba wani. Da ni baƙo ne da an ji kunyata. Na tsaya da kwanon dusa a hannu, Inna tana tambayata ko lafiya, na ce mata lafiya lau. Ina da yinin nan da safiyar gobe in faɗa mata. Ban faɗa ba. Ban kuma shirya yin ƙarya ba, Allah shi ne shaida. Na dai yi ta cewa anjima.

Da safe aka shimfiɗa tabarmi, unguwa ta taru, aka raba goro da dabino. Na zauna kusa da Liman, tunda ni ne wakilin uban ɗa, ni zan raɗa masa sunan a kunne. Ya karkato kansa wajena. Sunan yana kan harshena, Bello, na rantse maka yana nan. Kafin in buɗe baki sai ƙanen mahaifinka, Baffa Sambo, ya yi dariya ya ce, "Malam, kak ka wahal da shi, kunya shika ji. Sunanai sananne na, Junaidu na. Tun suna samari sunka ƙulla wanga alkawali."

Liman ya dube ni. Abin da ake bukata kawai in girgiza kai. Sai na sunkuyar da shi.

Ka san mutanenmu. Wanda aka yi wa takwara ba ya washe baki, sunkuyar da kai yake yi, kuma kowa ya ga na yi abin da ya dace. Har wani na ji yana yaba kunyata. Aka shafa fatiha, aka yanka rago, maroƙi ya miƙe ya kwarara sunana har ƙarshen layi. Mutane suka yi ta miƙo hannu suna yi mini barka. Inna ta aiko aka kira ni cikin gida, ta ɗora hannu a kaina ta ce ta san ɗanta ba ya manta alheri.

Ga abin da ya fi komai muni, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Na ji daɗi. Ba tsoro ne ya fara zuwa ba, daɗi ne. A raina na ce, tsoho, kana da teku, kana da tsauni, kana da jirgi, amma a Sakkwato ni ne. Na ci naman sunan nan har na ƙara.

Daɗin bai kai la'asar ba. Mata sun cika gida, aka kira Hadiza ta bidiyo don a ga jariri, ta ɗago shi ta ce Idris yana gaida kakanninsa. Asma'u ta ce nan take mata suka hau tambayar wane ne kuma Idris. Daga nan aka kira ka, kai kuma ka ɗora wa waya laifi. Ka aiko mini da tambayarka. Ranar Laraba ka kira sau biyu, ina kallon sunanka har ta katse. Tun daga nan ba ka sake kira ba.

Da na so, da na fake a bayan uzurin da ka ba ni. Kowa ya yarda, wa bai san halin waya ba? Maza ma ba su ji labarin ba, a masallaci da bakin titi ana ta kirana mai takwara ina amsawa. Amma na san kai ka sani. Wayarka ta nuna maka na saurara. Ka rufa mini asiri kana sane, kuma wannan ne na kasa ɗauka. In na yi shiru, za mu ci gaba da gaisawa har mu tsufa, da wannan abu zaune a tsakaninmu, kuma tsohon zai zama shi ne kaɗai wanda ba ka ɓoye wa komai.

Jiya Alhamis na je wurin Inna na durƙusa na faɗa mata duka. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce tun ranar Litinin ta ga fuskata ta san akwai magana. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Junaidu, shekara talatin kana cin tuwon gidanga. Ashe suna kaka jira kahin ka san kai ɗa na?" Na yi kuka a gabanta, da gemuna.

Yau bayan sallar asuba, kafin mutane su watse, na miƙe a masallaci na faɗa da bakina. Na ce sunan yaron Idris, uban ya aiko mini tun ana gobe suna, ni na ɓoye saboda kishi. Ban ce mantuwa ba, ban ce waya ba. Liman ya ce suna haƙƙin uba ne, yanka kuma ya tafi a kan niyyarsa, ba sai an sake ba, ya sa aka shafa fatiha ga Idris. Baffa Sambo bai shafa da ni ba. A bakin ƙofa ya ce, "Ka sa ni yin ƙarya gaban mutane da hurhurata." Ya wuce bai ba ni hannu ba. Yana da gaskiya, zan yi ta zuwa gaishe shi har ya huce.

Kada ka zaci na warke. Har yanzu in na ga hular saƙar nan sai na kife wayar. Har yanzu ina jin haushin cewa kai ne ka ga mashigin ba ni ba. Amma na zauna na yi wa kaina tambayar da nake gudu: ranar da Hadiza ke tsakanin rai da mutuwa, ina ina? Ina nan Sakkwato ina lissafin kuɗin rago. Ba laifina ba ne, nisa ne. Sai dai wani ya zauna a inda ya kamata in zauna, ya yi abin da zan yi, ya riƙe mini kai. Maimakon in gode masa, na sace masa abu guda da ka samu ka ba shi.

Ka gaya masa abin da na yi, kada ka gyara. Ka ce masa akwai wani malamin makaranta a Sakkwato da ya yi shekara biyu yana gaba da shi bai sani ba, yana neman gafararsa. Ka ba Hadiza haƙuri, na ɓata mata ranar da ta jira shekara tara.

Kuma don Allah kada ka yi mini alkawarin ɗa na biyu. Na san ka, shi ne abin da zai fara zuwa bakinka. Ba na so. In Allah ya ƙara muku, ka sa sunan mahaifinka, Inna ta ji daɗi. Ni abin da nake so ya fi wannan sauƙi kuma ya fi shi wuya: in wani abu ya same ka, mai daɗi ko marar daɗi, ka ci gaba da gaya mini kafin kowa, kamar yadda ka yi ranar Litinin. Ka ba ni amana na ci, na sani. Ina roƙon ka sake ba ni.

Allah ya raya Idris, ya albarkaci rayuwarsa, ya sa ya gaji alherin mai sunan. Allah ya ƙara wa tsohon lafiya da nisan kwana, ya bar shi ya ga takwaransa yana tafiya da ƙafarsa. Allah ya ba ka sa'ar karatu, ya dawo mana da ku lafiya. Ni kuma Allah ya yaye mini abin da ke raina, ya sa ka yafe mini. Amin.

Naka, wanda ya riga shi saninka,

Junaidu
Mabera, Sakkwato